Motar da Ta Zo Ɗaukar Eji

Tun daga kan tudu na hango ta, fara sol, tana rarrafe a hanyar kwarinmu kamar ƙwaron da aka taka wa ƙafa. Ba sai an faɗa mini ba, na san Yaya Galsan ne, yayana da ke zaune a Ulanbatar, babban birnin ƙasarmu, kuma na san abin da ya kawo shi. Gaisuwar Farin Wata, bikin sabuwar shekararmu, hujja ce kawai. Mahaifiyarmu, da muke kira Eji, ya zo ɗauka.

Tun kaka yake damuna da waya a kan maganar. Wai Eji ta tsufa, wai gaɓoɓinta, wai a birni akwai bene mai ɗumi da asibiti a bakin ƙofa. Ni ne auta. Murhun mahaifinmu a hannuna yake, kuma tun da muka taso a gaban murhun auta muka ga uwa tana ƙare kwanakinta. Shekara ashirin da shida ina tashi kafin kowa in hura mata wuta. Shi kuwa sau ɗaya yake zuwa a shekara, da kwalin alewa da surutu cike da baki, amma wai shi ne ya san abin da ya dace da ita. Eji ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Cewa ta yi a bari sai Farin Wata, za ta ga abin da jikinta ya ce.

Motar irin 'yan ruwa biyun nan ce da suka cika birni, rabi fetur rabi batir, gwanjon Japan, sitiyari a dama. Cikinta dab da ƙasa, ko zomo ba zai wuce ta ƙarƙashinta ba sai ya sunkuya. Da ta iso kusa da garke sai injin ya yi shiru, ta ci gaba da tahowa a kan batir. Karenmu da ke jin babur tun daga bayan dutse bai ɗaga kai ba sai da aka buɗe ƙofa. Baƙon kirki daga nesa yake kira a riƙe masa kare. Wannan kuwa sai dai ka waiga ka gan ta a bayanka, kamar mai zuwa satar rago. Tun daga nan na tsane ta.

Yaya ya fito sanye da rigar biki ta alharini da wani takalmin ofis mai sheƙi, a sanyin da ke fasa dutse.

"Sandag, auta, kuna nan lafiya? Dabbobi sun yi ƙiba?"

"Lafiya lau, Yaya. Kun sha hanya. Ko turo ta kuka yi? Ban ji inji ba."

"Haka take, ba ta son hayaniya. Rabin tanki ya kawo ni daga birni, ka ji ko? Rabin tanki. Da waccan jakar taka ce, da ko gada ba ta tsallake ba."

Jakar tawa ita ce tsohuwar akori-kura 'yar Rasha da Baba ya bar mini. Tana shan mai kamar raƙumin da ya dawo daga fatauci, ban musa ba, amma ba a taɓa yin dusar ƙanƙarar da ta tsayar da ita ba. Na tambaye shi hanya, ya ce sumul, wata babbar mota ce ta riga shi ya bi sawunta. Daga baya matata Yanjin ta raɗa mini cewa ta ga shebur a bayan motar, jiƙe sharkaf, kuma tafin hannun Yaya duk ya yi bororo.

Eji tana kan gadonta a cikin ger, ɗakinmu na gashin tumaki, a dunƙule cikin rigar fata. Yatsunta a tanƙware suke tun sanyin bara, ko kofin shayi da tafuka biyu take riƙewa. Yaya ya durƙusa a gabanta yana ta ba ta labarin famfon ruwan zafi, tana jin sa tana kallon wuta.

Kafin rana ta faɗi na zubar da ruwan lagiretar akori-kura, na kwance batir na kai shi bayan murhu, yadda duk mai hankali yake yi. Shi kuwa wani bargo ya jefa wa tasa ya karkaɗe hannu.

"Yaya, ba za ku cire batir ba?"

"Wanne daga ciki?" Ya kwashe da dariya.

Rediyo ya ce sanyi zai kai talatin da takwas ƙasa da sifiri. Na ci abincin jajiberi na ƙoshi, raina fes, don na san gobe gwangwanin nan zai wayi gari ya zama dutse, kuma Eji za ta gani da idonta.

A safiyar ranar farko, kafin a gaisa, kowa sai ya fitar da sawu. Lama, malamin haikali, shi ke faɗi gwargwadon shekarar haihuwarka ta wace kusurwa za ka fita, ta wace za ka dawo. Ka fita ta nan, ka zago, ka shigo ta can, ka buɗe wa kanka hanyar shekara. Abu ɗaya ne ba a yi, komawa ta kan sawun da ka fita. Sannan a ranar ba a faɗa, ba a ɗaga murya, don wanda ya yi haka zai yi ta yi har shekara ta ƙare. Mu da ƙafa muke yi, taku ɗari biyu ya isa. 'Yan birni, da ƙafafunsu suka zama na ado, da mota suke yi.

Eji ta shekara uku ba ta fita ba. Ni nake riƙe ta mu zaga ger sau ɗaya a ce ta yi, bara kuwa ko hakan ba ta iya ba.

Yaya ya duba wayarsa ya ɗago yana washe baki. Shekarunmu sunan dabbobi gare su, shi da Eji kuwa duk 'yan shekarar doki ne, wai bana kusurwarsu ɗaya, su fita ta arewa maso yamma su dawo ta kudu.

"Eji, ku zo in fitar muku da sawu na gaske, a mota."

"Arewa maso yamma kwari ne, Yaya," na ce masa. "Duk abin da iska ta share daga tudu, can take tara shi."

"Ai wannan kwamfuta gare ta. Kowace taya lissafin kanta take yi."

"Kwamfutar ta taɓa kiwo a nan?"

"Zan je," in ji Eji. Ta ƙofa take leƙen motar kamar yarinyar da ta ga mai tallan alewa.

Ban yi gardama ba, tun da na san motar ba za ta tashi ba. Yaya ya yaye bargon, ya shiga, ya danna wani maɓalli da yatsa ɗaya. Fitilu suka kama, ta yi wani ɗan kukan tsako, injin ya yi tari sau ɗaya ya ɗauka. Yatsa ɗaya, a sanyin da ke sa yawu ya daskare kafin ya kai ƙasa. Na ji haushin da na daɗe ban ji irinsa ba.

Daga nan ma ban hana ba, kuma ba zan ɓoye dalili ba. Na san kwarin nan kamar tafin hannuna. So nake motar ta sha kunya a gaban Eji, maganar birni ta mutu murus. Da hannuna na ɗauki uwata na sa ta a kujerar gaba.

Ni da Yanjin muka fitar da namu sawun da ƙafa, muka tsaya a kan tudu muna kallo. Da farko abin ya yi kyau, don saman ƙanƙarar ya yi tauri, motar tana ta zamewa a kai tana yanga. Da ta kai gangare sai jan fitilun baya suka kama. A kan ƙasa mai santsi birkin irin waɗannan motoci yakan saki na ɗan ƙiftawar ido kafin ya sake kamawa, wanda bai saba ba kuwa sai ya firgita ya murɗa sitiyari. Yaya ya murɗa. Ta karkace, ta gangara a gicciye a hankali, ta cusa hanci cikin tarin dusar ƙanƙara har zuwa fitilu. Shi ke nan.

"Kada ka yi dariya, ranar farko ce," in ji Yanjin.

"Murmushi nake yi."

"To ka gama ka tuna wace ce a ciki."

Murmushin ya ɗauke. Tayar da akori-kura a irin wannan safiya aikin awa ɗaya ne da rabi. Sai an zuba garwashi a kasko an tura ƙarƙashin inji, a tafasa ruwa a cika lagireta, a mayar da batir, sannan a yi ta lallashi. Na bar wa Yanjin wannan, na ɗaura wa doki sirdi, na ɗauki shebur.

Na tarar da Yaya a waje, ƙanƙara har gwiwa, takalmin ofis ya ɓace a ciki.

"Auta, ƙaramin abu ne. Ka ɗan tura kawai."

"To, Yaya. Ku ba ta wuta mu gani."

Ya shiga ya take totur har ƙasa. Tayar gaba ta juya kamar rubu'i, ta tsaya. Wata fitila mai ruwan ɗorawa ta yi ta ƙyaftawa a gabansa. Ya sake takawa, ta sake yin rubu'i ta tsaya. Ashe da taya ta ji santsi sai kwamfutar ta yanke mata ƙarfi, wai tana kare kanta. Motar kirki idan ta kafe sai ka yi gaba ka yi baya, ka girgiza ta har ta fita. Wannan kuwa tsayawa take yi tana tunani.

"Akwai yadda ake kashe abin," in ji Yaya. "Wani abokina direban tasi ya koya mini."

Sai ya shiga wata rawa. Ya taka totur sau biyu, ya taɓa giya, ya sake takawa sau biyu, yana ƙirgawa da leɓe kamar mai karatun haikali. Ya ɓata, ya sake. A karo na huɗu abin ya karɓa. Tayoyin suka yi kuka, suka watso mini ƙanƙara a fuska, cikin ƙiftawar ido suka haƙa wa kansu ramuka biyu. Motar ta zauna daɓas a kan cikinta, tayoyi suna lilo.

"Yanzu kam ta huta," na ce.

Na zaga ta baya don in fara haƙa, sai na ga salansa ta nutse, saura ɗan baki. Injin wannan mota shi ke kunna kansa ya kashe kansa, ba ya shawara da kowa, kuma tun ɗazu yake yi don ya ɗumama ciki. Na jefar da shebur na tone wurin da hannu. Da wata rana ce, da na faɗa wa Galsan abin da ba zai manta ba har ya tsufa. Na haɗiye, na sassauta murya.

"Yaya, wannan ramin na baya, ta nan hayaƙi yake fita. Idan ya toshe, ciki yake komawa. Ko kwamfutar ba ta sanar da ku ba?"

Fuskarsa ta yi fari. Na ruga na buɗe ƙofar Eji.

Wani ɗumi ya bugi fuskata. Tana zaune ta cire hula, ta kwance rigar fata, har takalma ta tuɓe. Hannuwanta biyu suna gaban ramin da iskar zafi ke fitowa.

"Rufe ƙofar nan, auta, kana fitar da ɗumi."

"Eji, kanku ba ya ciwo? Ba kwa jin jiri?"

"Lafiyata ƙalau. Duba nan." Ta ɗaga hannu ta buɗe yatsu, ta rufe, ta sake buɗewa. A miƙe suke, duka goma. "Kujerar ma zafi take yi, har cikin ƙugu."

"Ku hau doki in mayar da ku gida."

"Ta ina? Ta kan sawun da na fito? Yi aikinka a hankali, ni ba sauri nake ba."

Na rufe ƙofar. Ban tsaya yin tunani a kan abin da na gani ba, don a lokacin hankalina yana kan kunyar da Yaya yake sha, kuma ina jin daɗinta.

Rana ta ɗaga sosai kafin mu ji rurin akori-kura, Yanjin a sitiyari. Aikin ba shi da wuya, a ɗaura igiya ta baya, a ja motar taku ashirin ta koma kan tudu. Ina cikin warware igiya Yaya ya sha gabana.

"Ba da baya ba."

"Na'am?"

"Ba za a ja ni da baya ta kan sawuna a ranar farko ba. So kake shekarata ta yi ta komawa baya?"

Mutumin da bai san ta inda hayaƙin motarsa yake fita ba, ga shi ya zama lama. Na ƙwanƙwasa gilashi don Eji ta raba mu. Ta sauke shi kaɗan.

"Shekara uku ban fitar da sawu ba, Sandag. Ta kudu zan shiga gidana."

To, magana ta ƙare. Sai neman inda za a ɗaura igiya ta gaba, babu. Duk gaban roba ne, ka ja ya biyo ka. Yaya ya zaro wani littafi da rubutun Japan yana juya shi, ko harafi ɗaya bai sani ba. Yanjin ce ta gano wani ƙarfe mai zobe a ƙarƙashin shimfiɗar but, ta ɓamɓare wani ɗan murfi a gaba ta ɗaura shi.

Na zaga da akori-kura na fasa hanya sau biyu, sannan na ja. Haka na ja ta kamar mushen saniya, muka zaga kwarin nan kaf, muka bi bayan garke don mu shigo ta kudu. Maƙwabtanmu da suka zo gaida Eji a kan dawakai suka jeru a kan tudu suna kallo, kowa ya sa hannun riga a baki. Robar gaban motar ta yage tana jan ƙasa. Ban taɓa jin daɗin jan wani abu ba kamar ranar.

Sai da rana ta take tsaka aka yi gaisuwar da ake yi da hantsi. Na tallafi gwiwar hannun Eji yadda ƙarami yake gaida babba a ranar, na tallafi ta Yaya, na tambaye shi ko ya shiga sabuwar shekara lafiya, ya ce lafiya. Ƙafafunsa suna cikin kwanon ruwan ɗumi lokacin da aka yanka naman biki. Na miƙa wa Eji nata na ce, "Kun dai ga motar birni." Ta ce ta gani. Na ɗauka na ci nasara.

A rana ta biyu dusar ƙanƙara ta sake sauka tun safe har la'asar, ta shafe duk wani sawu da ke kwarin.

A rana ta uku na tashi hura wuta na tarar idon Eji biyu.

"Auta, sauko mini da ƙaramin akwatina."

Na tsaya da busasshen kashin shanu a hannu. "Na me, Eji?"

"Zan bi yayanka."

"A motar da ta kafe da ku a kwari? Wadda na ja da igiya a gaban mutane?"

"Ta kafe, ban ce ba ta kafe ba. Awa huɗu na yi a cikinta ban ji ciwo ba. Ka san rabona da awa huɗu babu ciwo?"

"Zan ƙara wuta. Zan ƙara wa ger shimfiɗa ɗaya, akwai gashin bara."

"Wutarka ba ta da laifi. Ina jin ka duk lokacin da ka tashi ka ƙara ta. Amma kafin gari ya waye ruwan kofina ya zama dutse, ni ma haka. Shekara saba'in da huɗu, Sandag. Na gaji da sanyi." Ta dubi inda Yaya yake ta sharar minshari, baki buɗe. "Kada ka ɗauka shi na zaɓa. Yayanka ko takalmi bai iya zaɓa ba."

Na so in yi dariya, ta ƙi zuwa. Ni da hannuna na sa ta a kujerar nan don ta ga aibin motar, ita kuwa abin da ta gani daban. Na sauko mata da akwatin.

Daga gidanmu zuwa kwalta kilomita sittin ne, kuma babu sawun ko babur a kai. Kowa a ger ɗin ya san abin da hakan yake nufi. Bayan shayi Yaya ya biyo ni waje yana murza hannu, ya aro takalmana na aiki sun yi masa yawa.

"Auta, ina ganin hanyar ta ɗan rufe."

"Ta ɗan rufe, Yaya."

"Ko za ka shige gaba da motarka, in bi sawunka? Zuwa kwalta kawai."

"Wace motar? Jakar?"

Ya sunkuyar da kai. Da a ce jiya ne, da wannan sunkuyon ya ishe ni abincin mako guda.

Na je na tsuguna a gefen akori-kura da kaskon garwashi. Yanjin ta kawo tulun ruwan zafi ta ajiye, ta tsaya.

"Idan ta ƙi tashi yau, ba wanda zai ce laifinka ne. Tsohuwa ce."

Gaskiya ta faɗa. Waya ɗaya zan sassauta, shi ke nan. Hutun Yaya kwana biyu ya rage, dole ya nemi wata babbar mota ya bi, ya bar gwangwaninsa a nan har ƙanƙara ta narke, kaji su yi ta kwana a ƙarƙashi. Eji kuwa ta zauna a gaban murhun da ya kamata ta zauna. Na daɗe a tsugune, garwashin yana ta mutuwa a kasko. Ƙofar ger a buɗe take kaɗan, ina hango ta a bakin gado tana ƙoƙarin ƙulle bakin wata 'yar jaka. Yatsun sun koma yadda suke. Ta kama igiyar ta suɓuce, ta sake kamawa ta suɓuce, daga ƙarshe ta sa haƙori.

Na hura garwashin na tura shi ƙarƙashin inji.

Awa huɗu muka yi a hanya. Ina gaba ina fasa ƙanƙara, farar abar tana biye da ni a madubi, sumui-sumui, robar gabanta ɗaure da waya. Sau biyu ta sake zama a kan cikinta, sau biyu na sauka na ɗaura igiya. Ranar farko ta wuce, don haka na zage ta son raina, na zagi wanda ya ƙera ta da wanda ya saye ta da jirgin da ya kawo ta. Ni kaɗai ne a motar, ba wanda ya ji.

Da tayoyinta suka taɓa kwalta sai ta miƙe ta zama mota, har da wani ɗaga hanci. Yaya ya tsaya a gefen titi ya fito, ya fara wata doguwar godiya. Na wuce shi na buɗe ƙofar Eji, na durƙusa a kan ƙanƙara don fuskata ta zo daidai da tata.

"Ka kula da farar tunkiyar nan mai ɗingishi, ta kusa haihuwa," ta ce. "Kada ka bar Yanjin tana ɗaukar ruwa ita kaɗai."

"To, Eji. Da rani zan zo in ɗauke ku, ku sha iska."

"To."

A wurinmu idan za a rabu, babba yakan sunsuni kumatunka ɗaya, ya ce ya ajiye ɗayan sai an sake haɗuwa. Ta kama fuskata da hannuwanta masu ɗumi ta sunsuni na dama. Na jira ta faɗi maganar. Ba ta faɗa ba. Ta juya fuskata a hankali ta sunsuni na hagu, ta daɗe a wurin.

"Rufe ƙofar, auta," ta ce. "Ka koma tun da sauran rana."